Ish Kukul Hucim da Ruwan Ɓoyayyiya

Haihuwarta da Asalinta

An haifi Ish Kukul Hucim, wadda daga baya aka rubuta sunanta Ursula a littafin coci, a garin Sakmuyal na ƙasar Yukatan, a farkon daminar shekara ta 1522 miladiyya. Sunan mahaifinta Napot Hucim, manomin masara mai kiwon zuma, mahaifiyarta kuwa Ish Kahum, masaƙiya, wadda ta rasu tun Kukul ba ta yi wayo ba. Su biyu ne suka rayu a ɗakinsu, ita da yayarta Ish Titibe, wadda ta girme ta da shekara biyar, kuma ita ta yi mata goyo. Dalilin rubuta wannan tarihi shi ne waɗanda suka ga al'amarin da idonsu sun kusa ƙarewa, yaran yanzu kuwa ba su san komai game da ita ba face sunan zagin da aka laƙaba mata, wato Mai Nuni.

Rijiya ɗaya ce a Sakmuyal, a gindin rimin tsakar gari, ita ma da zarar rani ya yi nisa sai ta koma laka. Ruwan da ya riƙe garin yana cikin kogon da ake kira Ɓoyayyiya, tafiyar sa'a guda yamma da gari, inda sai an sauka tsani bakwai da wutar kara a hannu kafin a tarar da shi. Domin haka al'ada ta wajabta wa duk ɗan garin da ya cika shekara goma sha biyu, namiji ko mace, ya je bakin kogon a farkon rani, ya huda kunnensa da ƙaya, ya ɗiga jini a kan farin dutsen da ke wurin, ya rantse ba zai nuna wa baƙo hanya ba ko da za a yanka shi. Bayi kaɗai aka ɗauke wa wannan rantsuwa, domin a shari'ar garin jinin bawa ƙazanta ne, maganarsa kuma ba shaida ba ce.

Shigarta Bauta

A shekara ta 1534 fara ta sauka a ƙasar, ta cinye gonaki har kara, yunwa ta biyo baya. Saura kwana ashirin Kukul ta yi rantsuwarta aka kama mahaifinta da kwando biyu na masara daga rumbun Sarkin gari, Namay Pot. Hukuncin ɓarawo a lokacin bauta ce, shi da duk wanda ke ƙarƙashin rufinsa. Titibe ta tsira saboda tana gidan miji, Napot bai kai damina ba baƙin ciki ya kashe shi, hukuncin ya tsaya a kan yarinyar ita kaɗai.

Ranar da aka zaunar da ita a dandali za a aske mata kai, kamar yadda ake yi wa bayi, Titibe ta kutsa cikin taro ta karɓe askar, ta ce ba wanda zai taɓa kan da ta yi shekara da shekaru tana kitsawa sai ita.

"Yaya, idan sumar ta tsiro za su bar ni in yi rantsuwar?" in ji Kukul.

"Tsaya da kanki wuri ɗaya, sarkin surutu, kada in yanke miki kunnen da za ki huda," in ji Titibe, tana dariya hawaye na zuba a kan yarinyar.

Koyon Aiki

Kukul ba ta yi wata makaranta ba face dutsen niƙa da tsanin Ɓoyayyiya. Shekara uku ta yi a gidan Sarki tana sauka kogon sau biyu kullum da tulu a baya da igiya a goshi, har ta haddace kowane mataki, ba ta bukatar wuta. Abin mamaki a nan shi ne dattawan da suke ƙirga masu sanin sirrin kogon duk shekara, ba su taɓa ƙirga waɗanda suke ɗauko musu ruwan da suke sha ba. Ita kuwa ba ta da wani jin daɗi a duniya da ya wuce ta ajiye tulu a bakin ruwan, ta durƙusa, ta sha da tafin hannu har haƙoranta su yi tsami don sanyi.

A shekara ta 1537, da yunwa ta ƙi ƙarewa, Sarki ya sayar da bayinsa shida ga wani fatake mai gishiri, aka gangara da su bakin teku. Titibe ta bi su har bayan gari da ɗan ƙoƙo cike da ruwan kogo. Kukul ta shanye ruwan a nan, ta rataye ƙoƙon a wuya, kuma tun daga ranar ba ta da wani buri sai ta koma garinsu ta sha ruwan nan a matsayin 'yar gari.

A Hannun Turawa

A shekara ta 1540 ubangidanta na bakin teku ya haɗa ta da mata goma sha ɗaya, da talotalo da zuma da zannuwan auduga, ya miƙa wa Turawan Sifaniya gaisuwa. A safiya ɗaya aka yi musu baftisma su duka, aka raba musu sunaye. Ita ta faɗa rabon wani jagoran mayaƙa mai suna Baltasar Mendiyola, mutum mai ƙarancin magana wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko lokacin da yake sa a rataye mutum.

Da farko aikinta niƙa ne. Ya kamata na baya su sani cewa rundunar Turawa ba ta iya tafiyar yini biyu ba tare da matan da za su jiƙa masara da toka, su niƙa, su toya waina ba, amma a takardunsu an rubuta sunayen dawakai da launinsu, ba a rubuta sunan maniƙiya ko ɗaya ba. A bakin murhu Kukul ta tsinci harshensu, kuma kafin shekara ta zagayo ita ce tafinta, ita ce mai faɗa musu ɗan itacen da ake ci da wanda ke kisa. A watan Yuni na shekara ta 1541 ta haifa wa Mendiyola 'ya mace, jajir da ita, aka sa mata suna Mariyana.

Ranar Ɓoyayyiya

A watan Afirilu na shekara ta 1542, ana tsakiyar bazara, Mendiyola ya tashi da Turawa tamanin da 'yan dako ɗari uku zuwa cikin ƙasa. Garuruwa sun riga sun yi shawara, duk inda aka isa sai a tarar mutane sun watse, an cike rijiya da duwatsu da mushe. Da suka shiga Sakmuyal kwanansu uku ba ruwa, dawakai tara sun faɗi, rabin 'yan dako sun gudu. Kukul ta ga rimin garinsu bayan shekara biyar, ta ga gidan ubanta kango. An tambaye ta ko ta san wani ruwa a wannan yanki, ta ce ba ta taɓa zuwa nan ba.

Amma nononta ya ƙafe. Mariyana, mai wata goma, maɗigarta ta lotsa, kwana biyu ko kuka ba ta yi. Da rana ta take, kowa ya kwanta a inuwa harshe a kumbure, Kukul ta goya 'yarta ta sulale ta bayan kangon gidansu, ta bi hanyar da ƙafarta ba ta manta ba. A ƙasan tsani na bakwai ta tarar da garin duka, mutum wajen ɗari huɗu, sun ɓuya, suna zaune kamar masu makoki a bakin ruwa. Titibe ce ta fara gane ta.

"Kukul? Ke ce ko fatalwarki?"

"Ni ce, Yaya. Ba ni ruwa, yarinyar nan za ta mutu a bayana."

"Wannan jar abar 'yar wa ce?"

"Tawa ce."

Titibe ba ta jira izinin kowa ba. Ta cire ƙoƙon daga wuyan ƙanwarta, ta ɗebo, ta tsoma bakin zanenta tana matsa wa jaririyar a baki har ta fara haɗiya, sannan ta ba uwar sauran. Ana cikin haka Sarki Namay Pot ya matso da sandarsa.

"Wa ya ba baiwa izinin sauka nan?"

"Ranka ya daɗe, shekara uku ina sauka da tulunka, ba wanda ya tambaye ni izini," in ji Kukul. Sannan ta durƙusa. "Ku bar ni in zauna. Ku ba ni ƙaya yanzu in huda kunnena in rantse kamar kowa. Kwana ashirin fa ya rage mini, Baba, kai ma ka sani."

"Jinin baiwa ba ya hawa dutsen nan," in ji Sarki. "'Yar baƙo kuma ba ta kwana a Ɓoyayyiya, ruwan zai gudu."

Samari suka ce a kashe ta a huta, matsafin gari ya ce ba a zubar da jini kusa da ruwan. Aka yanke cewa ta koma kafin a lura, kada karnukan Turawa su biyo sawunta. Suka goge mata ƙafa da busasshiyar ƙasa, suka shanya zanenta a bakin kogo har ya bushe ƙayau, suka hana ta fita da ko ɗigo a ƙoƙon. Sun yi dabarar komai, kuma da la'asar ta iso sansani ba wanda ya san ta fita.

Sai Mariyana ta farka, ta callara kuka. Mendiyola yana kwance a gindin rimi, ya ɗago kai, ya taso a hankali, ya sa yatsa a kumatun jaririyar ya lasa.

"Ursula, shekaranjiya da yarinyar nan ta yi kuka ba hawaye a idonta."

"Raɓa na lasa mata, ranka ya daɗe."

"Raɓa da la'asar?"

Ya kwance goyon da hannunsa, ya miƙa wa mai kula da karnuka, ya ce ya tsaya da ita kusa da su.

"'Yarka ce fa! Jininka ce!" in ji Kukul.

"Zan haifi wata," in ji shi. "Mutum tamanin ne ba zan iya haifa ba. Wuce gaba."

Ta wuce gaba. A bakin kogon aka tsayar da ita a kan farin dutsen nan da aka hana jininta hawa, aka sa ta yi kira da harshen uwarta cewa a fito a miƙa wuya. Da aka ƙi, Turawa suka tara ɗanyen itace da barkono suka cinna wuta, hayaƙi ya gangara tsani bakwai. Mutum ɗari da talatin da ɗaya ba su fito ba, cikinsu har da Sarki, da mijin Titibe, da 'ya'yanta maza biyu. Da ruwan Ɓoyayyiya rundunar ta huta kwana biyar, ta tashi ta ci garuruwa shida kafin damina. A rahoton da Mendiyola ya aika wa manyansa ya rubuta cewa Ubangiji ne ya turo musu wani tsuntsu ya nuna musu ruwa.

Zamanta a Sakmuyal

A shekara ta 1543 aka ba Mendiyola garin Sakmuyal ladan yaƙi, ya gina gida a dandali, ya dawo da Kukul tana yi masa girki da tafinta. Ta haka burinta na komawa gida ya cika, ta hanyar da ba ta roƙa ba. Ranar farko da ta ɗauki tulu ta nufi kogo, matan garin suka sauke tulunansu a bakin tsani, suka juya mata baya, suka tsaya. Ba wadda ta zage ta, ba wadda ta tare hanya. Ta tsaya har rana ta karkata, sannan ta juyo da tulunta babu komai. Da ta so, kalma ɗaya za ta faɗa wa ubangidanta a buɗe mata hanya da bulala, amma ba ruwan da ake samu da bulala take nema ba. Daga ranar ta koma ɗibar ruwa a wani tafki mai tsutsa, tafiyar sa'a uku kudu da gari, da damina kuwa ta tari na sama.

Masu son gaskiya a garin, kuma ba su da yawa, sun sha faɗa a ɓoye cewa ba ta karya rantsuwa ba tun da an hana ta yi. Ita dai ba a taɓa jin ta kare kanta da wannan hujja ba. Abin da aka sani shi ne duk farkon rani, ranar da ake kai yara bakin dutse, takan je ƙofar gidan Titibe ta ajiye ɗan ƙoƙon nan babu komai a ciki, ta koma. Kafin azahar sai a ga ƙoƙon a kan hanya, an yi ƙwallo da shi. Ta ɗauka ta goge ta rataye, sai baɗi.

A shekara ta 1548 Mendiyola ya ɗauke Mariyana, tana da shekara bakwai, ya kai ta birni wurin 'yar'uwarsa domin a yi mata tarbiyyar Turawa. Kukul ta bi dokin da gudu har bayan gari tana miƙa ƙunshin waina, ba a tsaya ba. Sau biyu ta sake ganin 'yar a rayuwarta, duka biyun daga nesa.

Aurenta da 'Ya'yanta

A shekara ta 1551 doka ta iso cewa a saki bayi 'yan ƙasa, Kukul ta sami 'yancinta tana da shekara ashirin da tara, ta bar sumarta ta tsiro. A shekarar ta auri Lukas Kawic, ɗan dako daga bakin teku wanda ba shi da kowa a garin, saboda haka ba shi da wanda zai ji kunyarsa. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce ya auri mace mafi tsada a duniya, tun da kowane kurɓin ruwa a gidansa sai an yi masa tafiyar sa'a shida. Ya yi ta lallashinta su koma bakin teku inda ba wanda ya san ta.

"In tafi, ranar da Yaya za ta cika ƙoƙon ta kai wa wa?" in ji ta.

"Ke dai da ƙoƙon nan naki! Ya sha duka ya fi jakin Bature," in ji Lukas, bai sake tayar da maganar ba.

Ta haifa masa 'ya'ya biyar, uku suka rasu a annobar ƙyanda, Tomas da Felipa suka rayu. Su ba a hana su sauka kogo ba, amma uwarsu ba ta taɓa yarda su kawo mata ruwan ba, domin ta ce wanda aka sato mata ba shi take jira ba. Lukas ya rasu a shekara ta 1569.

Ƙarshen Rayuwarta

Bayan rasuwar mijinta ta ci gaba da niƙa wa coci masara da sharar harabarta. Igiyar tulu ta yi mata kanta a goshi, bayanta ya ranƙwafe, amma ba ta fasa zuwa tafki ba sai a shekara ta 1576, lokacin da ƙafa ta ƙi, Felipa ta karɓe ta. A farkon ranin shekara ta 1577 ba ta iya tashi ba, sai ta aiki Tomas ya kai ƙoƙon, karo na talatin da biyar. Da azahar ya je ɗaukowa a kan hanya bai gan shi ba. Ya ɓoye mata, yana zaton an fasa shi.

Ashe Titibe, mai shekara sittin, wadda idonta ya kusa rufewa, ta ji cewa ba mai ƙoƙon ce ta kawo da kanta ba. Kwana uku ta ajiye shi a ɗaka tana kai da komo. A rana ta huɗu ta ɗauki sanda ta nufi Ɓoyayyiya, inda ba ta sake sauka ba tun ranar hayaƙi, ta ƙi kowa ya karɓar mata, ta sauka tsani bakwai da lalube.

Rasuwarta da Jana'izarta

Ish Kukul Hucim ta rasu da hantsin ranar sha tara ga watan Janairu na shekara ta 1577, tana da shekara hamsin da huɗu, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Titibe ta iso gidan da azahar, riƙe da ƙoƙo da hannu biyu, rabin ruwan ya zube a hanya.

"Ina take? Kukul, tashi, ga shi na kawo. Kin ji ko, sarkin naci?"

"Inna, ta tafi tun da hantsi," in ji Tomas.

Tsohuwar ta durƙusa kusa da gawar. Sannan ta ce a kawo mata ƙullun masara. Fada, wato limamin coci, ya riga ya haramta sa wa mamaci guzuri a baki irin na da, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin tuna mata. Ta kwaɓa ƙullun da ruwan kogon, ta buɗe bakin ƙanwarta da yatsa ta sa mata, ta shafa mata sauran a goshi inda igiya ta ci. Ta juyo wajen matan da suka cika ƙofa don kallo.

"Ni na ba 'yarta ruwan da ya zama hawaye. Da hannuna na ba ta, kuna kallo. Shekara talatin da biyar ina ɗora mata kayana a kan nata, ta ɗauka ba ta taɓa ce mini komai ba."

Da la'asar aka binne ta a gefen coci ta yamma, wajen da ke fuskantar hanyar kogo, aka sa ƙoƙon a hannunta. Mutum goma sha ɗaya suka raka ta. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku. Akwai Tomas Kawic, manomi a Sakmuyal, mai 'ya'ya huɗu. Akwai Felipa Kawic, matar wani maƙerin tukwane, mai 'ya'ya biyu. Sai babbarsu, Mariyana Mendiyola, matar wani Bature mai gonar rake a birni, wadda da aka aika mata da labarin rasuwar ta aiko da kyandir biyu. Har yau ba ta san abin da hawayenta suka jawo ba, domin mahaifiyarta ta roƙi kowa kada a gaya mata, kuma saboda haka ne aka rubuta wannan tarihi da harshen Sakmuyal, wanda Mariyana ba ta ji.